Dokokin hana haihuwa na dole: amsa ga wata ɗalibar ungozoma

Tambaya: "Assalamu alaikum Hajiya Likita. Ni ɗaliba ce a makarantar koyon aikin ungozoma. Wani malaminmu ya ce a ƙasashen Turawa an taɓa kafa dokar da ta ba likita damar juya wa mace mahaifa ko ba ta so, wai don kada ta haifi marasa hankali. Ni na ɗauka Hitila ne kaɗai ya yi irin wannan. Da na ba da labarin a gida, kawuna ya ce ai shi ya sa har yau ba ya yarda a ɗiga wa 'ya'yansa maganin shan inna, yayana kuma ya ce gwajin jinin da ake yi kafin aure ma duk kanwar ja ce. Don Allah ina gaskiyar take?"

Wa alaikumus salam, 'yata. Tambaya uku kika ɗaure a ƙulli ɗaya: ko abin ya faru, ko faruwarsa ta gaskata tsoron kawunki, da kuma ko gwajin jinin aure jikan waccan aƙida ne. Malaminku bai yi ƙari ba, in ma an bi ta ƙididdiga ragewa ya yi. An yi dokokin, an yi su a majalisa da rana tsaka, alƙalai sun tabbatar da su, likitoci da ma'aikatan jinya irinmu ne kuma suka riƙe wuƙar. Hitila ya tarar da aikin ana yi ne. Ni likitar mata ce, ina kuma koyar da ɗa'ar aikin asibiti, ta wannan ƙofar na shiga tarihin, don haka za ki ga na fi daɗewa a kan abin da ya shafi takardar amincewa da ɗakin tiyata. Alƙaluman da zan kawo yawancinsu kiyasi ne na masana tarihi da kwamitocin bincike, domin a wurare da dama an ƙona fayiloli ko an bar su sun lalace.

Daga ina abin ya taso

Wanda ya raɗa wa aƙidar suna wani Bature ne ɗan Ingila, Francis Galton, ɗan'uwan Charles Darwin na jini. A 1883 ya kira ta yujeniks, mu bari mu ce mata aƙidar tace iri. Tun a 1869 ya fitar da littafi inda ya bi salsalar alƙalai da hafsoshin soja da manyan masana, ya ga da yawansu 'ya'yan manya ne, sai ya yanke cewa basira a jini ake gadonta. Dukiyar uba da makarantar da ya sa ɗansa da alfarmar da ya nema masa, duk bai ba su nauyin da ya kamata ba. Tunaninsa shi ne, yadda makiyayi ke zaɓar bijimin da zai bar wa garke, haka al'umma ma za ta iya gyara irinta. Shi kansa ya fi karkata ga a ƙarfafa wa waɗanda ya kira masu kyan iri su yawaita haihuwa. Mabiyansa ne suka ɗauki ɗaya gefen, na hana sauran haihuwa. Mu ma mukan ce barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe, amma da bakin nan namu muke cewa albasa ba ta yi halin ruwa ba, domin mun ga duka biyun a gidajenmu. Su sai suka riƙe ta farkon suka mai da ita doka.

Kada ki ɗauka 'yan tsiraru ne marasa kan gado. A babban taron duniya na farko da aka yi kan aƙidar a Landan a 1912, ɗan Darwin na cikinsa ne shugaba, Winston Churchill yana cikin mataimakansa. Malaman jami'a da likitoci da 'yan gurguzu da 'yan jari-hujja duk sun sha a wannan rijiya, kowa yana ganin ci gaba ne. Sai dai ita Ingilar ba ta taɓa kafa dokar yi wa mutane aikin dole ba. An kai ƙudurin majalisa a 1931 ya faɗi. Cocin Katolika ya tsaya kai da fata, Paparoma Pius na 11 ya fito fili ya haramta abin a 1930, 'yan ƙwadago kuma sun hango cewa a kan talaka wuƙar za ta sauka.

A Amurka ne aƙidar ta samu doka da kuɗi. Jihar Indiyana ce ta fara a 1907, Kalifoniya ta biyo a 1909. A 1910 aka buɗe ofishin tattara bayanan zuriya a kusa da birnin New York, da kuɗin matar wani hamshaƙin attajirin jiragen ƙasa da ya rasu, ƙarƙashin Charles Davenport da Harry Laughlin. Suna tura ma'aikata gidajen yari da gidajen mahaukata da unguwannin talakawa, ana zana salsalar iyalai, ana sa wa kowa alama. A 1922 Laughlin ya rubuta samfurin doka don jihohi su kwafa. Ki dubi waɗanda ya lissafa: masu raunin hankali, masu taɓin hankali, masu farfaɗiya, mashaya, makafi, kurame, naƙasassu, masu aikata laifi, sannan marayu da marasa gida da fakirai. Maraici da fatara ya sa a layi ɗaya da cuta. Kafin a gama, jihohi fiye da 30 sun yi irin dokar, an yi wa mutum fiye da 60,000 aiki, Kalifoniya kaɗai wajen 20,000.

Shari'ar Carrie Buck

In kina son ki ga yadda injin yake juyawa, shari'a ɗaya ta ishe ki. Carrie Buck yarinya ce 'yar talakawa a jihar Bajiniya. An kai mahaifiyarta Emma gidan da gwamnati ke tsare masu farfaɗiya da masu raunin hankali, ita kuma wasu mutane suka ɗauke ta riƙo, tana yi musu aikin gida. Tana shekara 17 ta yi ciki, kuma abin da ta faɗa har ƙarshen rayuwarta shi ne wani ɗan'uwan masu riƙon nata ne ya yi mata fyaɗe. Don su rufa wa kansu asiri sai suka kai ƙara cewa ba ta da cikakken hankali. Bayan ta haifi 'yarta Vivian a 1924, aka kai ta gidan da uwarta take.

A wannan shekarar ce jihar ta kafa tata dokar, masu gidan kuma suna neman shari'ar gwaji da za ta kai Kotun Ƙoli don a tabbatar musu da ita. Sai ga uwa da 'ya da jika, abin nema ya samu. Lauyan da aka ba Carrie, Irving Whitehead, tsohon ɗan hukumar gudanarwar gidan ne, kuma aminin lauyan da ya rubuta dokar. Bai kira shaida ko ɗaya ba. Laughlin ya aiko da shaida a rubuce cewa raunin hankalinta na gado ne, alhali bai taɓa ganinta da idonsa ba. Ita kuwa jaririyar, wata ma'aikaciyar jin daɗin jama'a ce ta dube ta tana 'yar watanni ta ce akwai wani abu a kamanninta da bai yi daidai ba. 

Ranar 2 ga Mayu, 1927, Kotun Ƙolin Amurka ta yanke hukunci, alƙalai takwas suka amince, ɗaya ya ƙi, shi ne Pierce Butler, ɗan Katolika. Wanda ya rubuta hukuncin, Oliver Wendell Holmes, ya kafa hujja da cewa tunda hukuma na da ikon tilasta rigakafi, to ikon ya kai ga yanke hanyar ƙwan mace. Ya rufe da maganar da har yau ake tunawa da shi a kanta: zuriya uku ta dolaye ta isa. A watan Oktoba na shekarar aka yi wa Carrie aiki. Ƙanwarta Doris ma an yi mata, aka ce mata afendis ne za a cire. Ta yi aure, ta yi ta neman haihuwa ita da mijinta, sai bayan shekara fiye da hamsin ta san dalili.

Vivian ta shiga makaranta. Da masana tarihi suka tono takardun makarantar, sai aka ga yarinya ce mai matsakaicin ƙoƙari, har sunanta ya taɓa fitowa a jerin ɗalibai masu hazaƙa a 1931. Ta rasu a 1932 tana shekara takwas da ciwon hanji. Carrie ta rayu har 1983, waɗanda suka zauna da ita a ƙarshen rayuwarta sun shaida mace ce mai karanta jarida da cikakken hankalinta. Duk lokacin da na koyar da wannan shari'a sai raina ya ɓaci sabo, domin babu matakin da aka tsallake. An yi zama, an ba ta lauya, an ɗaukaka ƙara, an sa hannu a kowace takarda. A 1942 kotun ta soke wata dokar jihar Oklahoma da ke yi wa masu maimaita laifi aikin, dokar da ta kama ɓarawon kaji ta bar mai wawure dukiyar da aka ba shi amana. Amma hukuncin Carrie Buck, har yau kotun ba ta fito ta ce ta janye shi ba.

Me ya sa ilimin nasu bai tsaya da ƙafarsa ba

Ko da lissafinsu ya yi daidai, zalunci zalunci ne. Amma yana da kyau ki san lissafin ma bai yi ba. Na farko, abin da suke kira raunin hankali ba cuta ɗaya ba ce, buhu ne da ake jefa duk wanda ya dami hukuma: yarinyar da ta yi cikin shege, yaron da ke gudun makaranta, baƙon da bai iya Turanci ba. An yi wa baƙin haure gwajin basira suna saukowa daga jirgin ruwa a gajiye, wasu ba su taɓa riƙe fensir ba, aka ce akasarinsu dolaye ne. Irin wannan sakamako ya taimaka wajen kafa dokar shige da fice ta 1924, wadda ta rage shigowar Yahudawa da mutanen kudanci da gabashin Turai ƙwarai. Akwai wata cuta mai suna felagira da ta addabi talakawan kudancin Amurka, tana ɓata fata, tana sa zawo, tana taɓa ƙwaƙwalwa. Davenport ya dage cewa akwai gado a cikinta, tunda gida guda take kamawa. Likita Joseph Goldberger ya nuna ƙarancin abinci mai gina jiki ne, mutanen da masara ce kawai cimarsu. Gida guda take kamawa saboda tukunya guda suke ci.

Ke da za ki zama ungozoma, wannan ya shafe ki kai tsaye. Yaran da ake kawowa asibiti da farfaɗiya ko jinkirin fahimta, da yawansu in kika bi labarin za ki tarar doguwar naƙuda ce ta hana ƙwaƙwalwa iska, ko shawara ce mai tsanani a makon farko aka tsaya jiƙe-jiƙe, ko sanƙarau, ko zazzaɓin cizon sauro da ya hau kai, ko ƙarancin sinadarin aidin a jikin uwa. Babu ko ɗaya a cikinsu da yaron zai gadar wa 'ya'yansa. Amma a waje za ki ji ana cewa kada a auri 'yar gidan, wai abin a jininsu yake.

Na biyu, ko a cututtukan da gadonsu ya tabbata, hanyar ba ta ɓullewa. Ki ɗauki sikila, tunda kin san ta. Kusan kashi ɗaya cikin huɗu na 'yan Najeriya AS ne, lafiyarsu ƙalau, kuma daga gare su ne mafi yawan masu SS ke fitowa. Da wani azzalumi zai hana duk mai SS haihuwa, baɗi ma za a haifi kusan adadin da aka haifa bana. Wani masanin gado na Ingila, Reginald Punnett, ya yi wannan lissafi tun 1917, ya nuna cewa a irin wannan gado ana bukatar shekara fiye da 8,000 kafin a kai inda suke buri. Sun ji, ba su fasa ba. Sannan ita wannan ƙwaya ta S da za su kira mugun iri, ita ce ke kare mai AS daga mummunan zazzaɓin cizon sauro, abin da Anthony Allison ya nuna a gabashin Afirka a 1954.

Jamus

Hitila ya hau mulki a Janairun 1933, ranar 14 ga Yuli aka kafa dokar hana haihuwar masu cutar gado, ta fara aiki a farkon 1934. An kafa kotuna na musamman, kowacce alƙali ɗaya da likita biyu, an kuma wajabta wa likitoci su kai sunan duk wanda suke zargi. Kafin ƙarshen yaƙi an yi wa mutum wajen 400,000 aiki, dubbai sun mutu a sanadin tiyatar, mafi yawansu mata, domin aikin mace sai an buɗe ciki. Masanan Jamus sun san dokokin Amurka sarai, suna kafa hujja da su, a 1936 ma Jami'ar Heidelberg ta ba Laughlin digirin girmamawa.

Akwai ɓangaren da ya taɓa Afirka. Eugen Fischer, wanda ya shugabanci babbar cibiyar binciken launin fata da gado a Balin, ya yi sunansa ne da auna 'ya'yan gaurayen Turawa da 'yan Afirka a garin Rehoboth na Namibiya ta yau, a 1908, lokacin tana hannun Jamus. Bayan Yaƙin Duniya na Ɗaya, Faransa ta girke sojoji a yankin Rhineland, cikinsu akwai waɗanda ta ɗebo daga ƙasashen Afirka da ta mallaka, wasu suka haihu da matan Jamus. A 1937 aka tattara waɗannan yara wajen 400 aka yi musu aikin a ɓoye. Ba su da wata cuta, ita kanta dokar 1933 ba ta hau kansu ba, launinsu ne kawai laifinsu.

Daga 1939 aka wuce hana haihuwa aka shiga kisa. An riƙa kwashe naƙasassu da masu taɓin hankali daga asibitoci ana kashe su da iskar guba, mutum wajen 70,000 kafin Agustan 1941, kisan kuma ya ci gaba ta wasu hanyoyi bayan nan. Ma'aikatan da suka ƙware a wannan aiki, da yawansu su aka tura sansanonin da aka hallaka Yahudawa. Da aka gurfanar da likitocin a Nuremberg bayan yaƙi, lauyoyinsu sun kafa hujja da dokokin Amurka da hukuncin Carrie Buck. Daga wannan shari'a ce aka fitar da ƙa'idar 1947 da ta sa amincewar mutum da son ransa a gaba da komai a gwajin likitanci.

Bayan yaƙi ba a daina ba

Wannan ne ɓangaren da mutane suka fi rashin sani. Sunan aƙidar ya ɓaci, aikin bai tsaya ba. Suwidin, ƙasar da ake misali da ita wajen kula da talaka, ta yi wa mutum wajen 63,000 tsakanin 1935 da 1975, fiye da kashi 90 cikin ɗari mata, kwamitin gwamnati ya kiyasta cewa kusan kashi ɗaya cikin uku tilas aka yi musu. A can sau da yawa ba a ɗaure kowa, sai dai a ce ba za a sallame ki daga gidan tsarewa ba sai kin sa hannu. Japan ma bayan yaƙin ta kafa tata dokar, a 1948, ta kai har 1996. Mutum wajen 16,500 aka yi wa ba da amincewarsu ba, har da yara 'yan shekara tara, kutare ma dokar ta shafe su. Sai a Yulin 2024 Kotun Ƙolin ƙasar ta ce dokar ta saɓa wa tsarin mulki.

A Amurka kuwa, nauyin ya koma kan baƙaƙen fata da 'yan asalin ƙasar da masu jin Sifaniyanci. Karolina ta Arewa ta yi wa mutum wajen 7,600 har zuwa 1974. Ɗaya daga cikinsu, Elaine Riddick, shekararta 14 a 1968 lokacin da ta haihu sakamakon fyaɗe, aka ɗaure mata mahaifa a ranar, kakarta da ba ta iya karatu ba ce ta yi alama a takarda. A 1973 a Alabama aka yi wa wasu 'yan gida ɗaya, Minnie Lee da Mary Alice Relf, 'yan shekara 14 da 12. Mahaifiyarsu ma alama ta yi, tana zaton allurar tazara za a ci gaba da yi musu. Ƙarar da aka shigar a kansu ce ta kai ga ƙa'idojin 1978: a aikin da gwamnatin tarayya ke biya, sai mace ta kai 21, sai an yi mata bayani da harshen da take ji, sai an jira kwana 30 bayan sa hannu, kuma ba a karɓar sa hannun mai naƙuda.

Indiya da Peru dalilinsu daban ne, rage yawan jama'a suka ce suna yi. A zamanin dokar ta-ɓaci ta Indira Gandhi, an yi wa mutum wajen miliyan 8 aiki a shekarar 1976 zuwa 1977, akasari maza, ana ba malaman makaranta da ma'aikata adadin mutanen da za su kawo ko a riƙe albashinsu. Wannan na cikin abin da ya kayar da ita a zaɓen 1977. A Peru a ƙarƙashin Alberto Fujimori, mata fiye da 270,000 aka yi wa daga 1996 zuwa 2000, da yawansu matan ƙauye ne 'yan asalin ƙasar da ba sa jin harshen da aka rubuta takardar. A nahiyarmu, Kotun Ƙolin Namibiya ta yanke a 2014 cewa an keta haƙƙin wasu mata uku masu ɗauke da cutar ƙanjamau da aka sa su sa hannu suna cikin naƙuda, a 2020 kuma hukumar daidaiton jinsi ta Afirka ta Kudu ta fitar da rahoton mata 48 da suka kawo irin wannan kuka.

Maganar kawunki

Ki gaishe shi, kuma kada ki raina tsoronsa, ruwa ba ya tsami banza. A 1996, lokacin annobar sanƙarau, kamfanin Pfizer ya gwada maganin Trovan a Kano a kan yara wajen 200, goma sha ɗaya suka rasu, iyaye suka ce ba a yi musu bayanin cewa gwaji ne ba. Kamfanin ya ce cutar ce ta kashe su, amma a 2009 ya sasanta da gwamnatin Kano a kan dala miliyan 75. Wanda ya ga wannan, ya kuma ji tarihin da na ba ki, dole ya yi tambaya.

Sai dai tarihin da kansa bai goyi bayan abin da ya yanke ba. Dokokin nan galibi da tiyata aka aiwatar da su, mutum ɗaya bayan ɗaya, da gado da wuƙa da zare, kuma sun bar tabo a jiki da suna a rajista, shi ya sa aka iya tono su. A likitance babu wani abu da ɗigo biyu a bakin jariri zai hana shi haihuwa bayan shekara ashirin. Ita ƙwayar tazarar haihuwa ma sai an sha kullum, in aka yi sakaci da ita ciki ya shiga. Yaran da aka ɗiga wa maganin shan inna shekara ashirin da talatin da suka wuce, su ne ke cika mana ɗakin haihuwa yau, kuma binciken lafiya na ƙasa na 2018 ya nuna macen Arewa maso Yamma na haihuwar sama da shida a matsakaici. Abin da dakatar da rigakafin a 2003 zuwa 2004 ya haifar kuwa an gan shi: cutar ta bazu daga Najeriya zuwa ƙasashe wajen ashirin, yara suka shanye. Ki roƙe shi ya kai 'ya'yansa.

Maganar yayanki

Shi ma akwai zare na gaskiya a hannunsa. Kafin dokokin tiyata, dokokin aure aka fara yi, tun kafin 1900 jihar Connecticut ta hana masu farfaɗiya da masu raunin hankali aure. Kuma sikila kanta an taɓa cutar da mutane da sunanta. A 1968 Linus Pauling, masanin da ya ci kyautar Nobel har sau biyu, ya ba da shawarar a yi wa masu ɗauke da ƙwayar zane a goshi don su gane juna kada su yi soyayya. Makarantar horar da hafsoshin sojan saman Amurka ta riƙa ƙin ɗaukar masu AS har zuwa 1981.

Duk da haka ina goyon bayan gwajin, domin na zauna da iyayen da ke kwana a tsaye kan yaro mai ciwon ƙashi. In AS ya auri AS, kowane ciki yana da yiwuwar ɗaya cikin huɗu ya zo da SS, kuma haƙƙin saurayi da budurwa ne su san haka tun kafin a kai kuɗin gaisuwa. Jihar Kano ta kafa dokar gwaji kafin aure a 2024. A nawa ganin, wajabta sani abu ne mai kyau muddin sakamakon sirrin masu shi ne, an zaunar da su an yi musu bayani, sannan hukuncin ƙarshe na hannunsu da waliyyansu. Inda nake ɗari-ɗari shi ne a tashi daga sanarwa a koma hukuntawa, ko a mai da mai SS wanda ba ya auruwa, alhali in ya auri AA babu ɗansa ko ɗaya da zai zo da SS. Ta fuskar addini, Majalisar Fiƙihu ta Ƙungiyar Ƙasashen Musulmi a zamanta na Kuwait a 1988 ta ce bai halatta hukuma ta kafa dokar gama-gari da ke taƙaita wa ma'aurata haihuwa ba, kuma yanke haihuwa gaba ɗaya haramun ne sai da lalurar da shari'a ta yarda da ita, amma tazara da yardar juna ta halatta. Fatawa a kan matsalar mutum ɗaya kuwa ta malamai ce, ba tawa ba.

Abin da zai same ki a bakin aiki

Mu ba mu da dokar tilasta wa kowa aikin hana haihuwa. Amma na sha karɓar mace ta zo neman haihuwa shekaru bayan an yi mata tiyatar ciro jariri a wani wuri, in duba in tarar an ɗaure hanyar ƙwai, ita kuma ba ta da labari. Wani lokacin mijin ne ya sa hannu a bakin ƙofa, wani lokacin an dangwala yatsanta a takardar Turanci tana murƙususun naƙuda. Galibi likitan da ya yi da kyakkyawar niyya ya yi, ya ga tiyata ta uku ko ta huɗu ce, yana tsoron kada mahaifa ta fashe a ciki na gaba. Tsoron nasa gaskiya ne. Amma mijin da ya sa hannu yana iya ƙara aure ya ci gaba da haihuwa, yana iya sakinta, 'ya'yan da take da su Allah na iya karɓar abinsa. Ita ce za ta zauna da abin har ƙarshen ranta, don haka ita ce mai cewa e ko a'a.

Ki bambance abu biyu. In mahaifa ta fashe ko jini ya ƙi tsayawa, cire ta ceton rai ne, ba a jira, sai dai da zarar ta farfaɗo a gaya mata gaskiyar abin da aka yi. Ɗaure hanyar ƙwai don gudun cikin gaba kuwa ba aikin gaggawa ba ne, ƙungiyar likitocin mata ta duniya ta faɗi haka ƙarara a ƙa'idojinta na 2011, ta kuma ce amincewar miji ko dangi ba ta maye gurbin ta matar. Wurin wannan magana ɗakin awo ne, tun ciki na wata shida ko bakwai, da Hausa, a zaune, da mijin in ta so. A gaya mata aikin ba ya warwaruwa cikin sauƙi, a nuna mata roba da ashanar hannu da allura, waɗanda in ta canja shawara za a iya cirewa ko dainawa, a kuma tabbatar mata cewa in ta ƙi ba za a fasa kula da ita ba.

In aka miƙo miki takardar ki kai mata, ki ce ta maimaita miki da bakinta aikin da za a yi mata da abin da zai biyo baya. In ta ce wankin mahaifa ne, ko ta ce hutu za a ba ta na shekara biyu, kada ki karɓi yatsanta. Ki koma ki gaya wa likitan ko babbar sista kafin a shiga da ita, ki kuma rubuta a fayil cewa kin faɗa, da kwanan wata da lokaci.